Mun riga mun zaɓi suna, sai na ga wata da irinsa

Assalamu alaikum Anti. Ni da yayata muke haɗa man shafawa da sabulun wanka, kuma mun yanke shawarar daina zubawa a roba marar suna, mu fito da kayanmu da suna da tambari kamar kowa. Yaya ce ta zaɓi sunan, kalmomi biyu ne da ke nufin fata mai laushi, kuma ita ce ta zuba mafi yawan jarin. Mun yi rajistar sunan a ofishin rajistar kamfanoni, mun buɗe shafi a Instagram, mun sayi adireshin intanet, an zana mana tambari, har mun ba mai buga sitika da kwali kuɗin kafin alƙalami. Kwatsam makon jiya na ci karo da shafin wata mai sayar da man shafawa da suna kusan irin namu, harafi ɗaya ne kawai ya bambanta, kuma da ganin shafin ta daɗe a harkar. Na nuna wa Yaya, ta ce in rabu da ita, ai muna da takardar rajista, kuma kasuwa faɗi gare ta. Ni dai hankalina bai kwanta ba, amma ina jin nauyin matsa mata, kar ta ga kamar na raina zaɓinta. Mai buga sitika yana jira mu ce ya fara. Mu ci gaba ko mu tsaya?

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ku tsaya. Kafin ki ƙarasa karanta amsar nan ma, ɗauki waya ki ce wa mai buga sitika ya dakata tukuna. Kuɗin kafin alƙalami ba ya lalacewa don an jinkirta aiki mako biyu ko uku, kuma shi ba ruwansa da wane suna zai buga. Amma da zarar kwali da sitika sun fito da sunan a jiki, duk gyaran da za a yi daga nan da asara zai zo.

Takardar da Yaya take dogaro da ita ba za ta yi mata aikin da take zato ba. Rajistar sunan kamfani daban, rajistar alamar kasuwanci daban, kuma a yawancin ƙasashe kowacce da kundinta. Ta farko tana shaida wa hukuma ne cewa akwai wata harka mai suna kaza, ga masu ita, ga inda za a same su idan batun haraji ko bashi ko asusun banki ya taso. Ta biyun ce take ba ki ikon manna suna a jikin kaya, ki kuma hana wani manna irinsa. Ma'aikacin da ya karɓi sunanku ya duba ne ko akwai wani kamfani mai wannan sunan, galibi bai leƙa kundin alamomin kasuwanci ba, don ba aikinsa ba ne. Shafin Instagram da adireshin intanet kuwa na wanda ya riga kamawa ne kawai. Mai alamar da ke da rajista na iya kai ƙorafi wurin masu dandalin a sauke shafinku, mabiya da hotuna su bi ruwa.

Sai dai a gaskiya ba waccan matar ce ta fi damuna a wasiƙarki ba. Sunan ne da kansa.

Kalmomin da ke nufin fata mai laushi, a jikin man shafawa, bayanin kaya ne. Duk mai haɗa mai a duniya yana da haƙƙin ya ce mansa yana sa fata laushi, kuma doka ba ta yarda mutum ɗaya ya kulle wannan maganar a aljihunsa ba. Shi ya sa ofisoshin alamar kasuwanci suke ƙin karɓar sunan da ba abin da yake yi sai faɗin nau'in kaya, ko kyansu, ko amfaninsu, ko abin da aka haɗa su da shi, ko garin da aka yi su. Kuma wannan ne ma dalilin da ya sa kuka yi karo da waccan matar. Ba satar sunanku ta yi ba, ba ku saci nata ba. Duk wanda ya zauna yana neman sunan man shafawa, abin da ke fara zuwa masa a rai laushi ne da sheƙi da haske da santsi. Idan kika ƙara bincike, ba zan yi mamaki ba in kin samu ta uku da ta huɗu. Ko da ita wannan ta rufe shafinta gobe, matsalar tana nan: za ku kashe kuɗi da shekaru kuna tallata sunan da ba ku da ikon hana kowa ɗauka. Gini ne a filin da ba za a taɓa ba ku takardarsa ba.

A 1976 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta raba gardama tsakanin kamfanonin Abercrombie & Fitch da Hunting World kan sa kalmar Safari a jikin tufafi. A hukuncin, alƙali Henry Friendly ya jera sunaye hawa-hawa gwargwadon ƙarfinsu, kuma har yau da jerin nasa ake koyar da wannan fanni. A can ƙasa akwai sunan abin da kansa, kamar ki sa wa sabulunki suna Sabulu. Wannan ba ya samun rajista har abada. Sama da shi kaɗan akwai mai bayyana kaya, inda naku yake. Sai mai nuni daga nesa, wanda sai mutum ya ɗan yi tunani kafin ya haɗa shi da kayan. Nivea misali ne: tun 1911 ake sayar da man, kuma an samo sunan ne daga kalmar Latin mai nufin fari fat kamar dusar ƙanƙara. Yana nuni da farin mai, amma bai ce "man shafawa" ba. Sama da wannan sai kalmar da kowa ya sani amma ba ta da wata alaƙa da kayan, kamar Dove, wato kurciya, a jikin sabulu, ko Apple a jikin kwamfuta. A ƙololuwa kuma sai sunan da aka ƙirƙiro daga babu, kamar Kodak da George Eastman ya yi wa rajista a 1888. Hawa ukun sama su ne ake karɓa ba tare da doguwar muhawara ba.

Za a iya ce miki ai akwai manyan kamfanoni masu suna mai bayyana kaya, kuma suna da rajista. Akwai. Amma sai da suka kawo hujjar cewa mutane sun daɗe da sanin sunan har sun daina jin sa a matsayin bayani, sun koma jin sa a matsayin kamfani ɗaya tak. A Amurka ana iya karɓar shekara 5 na amfani da suna a jere, ba tare da wasu na raba shi da ku ba, a matsayin hujja. Ku da ba ku fito kasuwa da sunan ba tukuna, kuma ga wata tana amfani da kusan irinsa, wannan ƙofar ba taku ba ce. Za a kuma iya ba ku shawarar ku shigar da sunan haɗe da zanen tambari. Sau da yawa hakan yana wucewa, amma ki san abin da kuka saya: zanen ne zai samu kariya, kalmomin kuwa suna nan na kowa da kowa.

Ba zan ɓoye miki ba, suna mai bayyana kaya yana da daɗinsa, kuma Yaya ba ta yi wauta ba da ta zaɓe shi. Yana tallata kansa. Mai saye na gani ya san me ke cikin robar, alhali sunan da aka ƙirƙiro sai an sha wahala kafin ya zauna a bakin mutane. Amma wannan wahalar ta 'yan watanni ce, kuma layi ɗaya na ƙananan haruffa a ƙarƙashin sunan yana maganinta. Akwai gwaji mai sauƙi da za ki yi wa duk sunan da kuka kawo: ki faɗa wa wanda bai san sana'arku ba, ki ce ya canki abin da kuke sayarwa. Idan nan take ya ce man shafawa, sunan ya yi kusa da kaya da yawa. Idan ya ɗan yi jim, ko ya canki wani abu daban, to kun kama hanya.

Mu dawo kan waccan matar. Harafi ɗaya ba ya ceton kowa. Abin da mai duba takardu a ofis ko alƙali yake tambaya shi ne, mai saye zai iya ruɗewa? Ana duba yadda sunayen suke a ido, yadda suke a kunne, da abin da suke nufi, sannan a duba ko kayan iri ɗaya ne ko maƙwabtan juna. Kuma ba a ɗaukar mai saye a matsayin wanda ya jera robobin biyu a gabansa yana ƙirga haruffa. Ana ɗaukarsa ne a matsayin wanda ƙawa ta faɗa wa sunan a saƙon murya, ya riƙe rabi ya manta rabi, bayan kwana goma ya je nema. Maganar Yaya cewa kasuwa faɗi gare ta gaskiya ce idan kayan sun yi nisa da juna: Unilever na sayar da sabulun Dove, kamfanin Mars na sayar da cakulan Dove, kuma ba wanda ke ruɗewa. Tun yarjejeniyar Nice ta 1957 aka kasa kaya da ayyuka rukuni-rukuni, yanzu 45 ne, 34 na kaya, 11 na ayyuka. Ke da matar nan duk kuna rukuni na 3, inda man shafawa da sabulu da turare suke. A nan babu faɗi.

Daga shafinta ba za ki gane ko tana da rajista ba. In ma ba ta da ita, ba shi ke nan ba. A Ingila da ƙasashen da suka gaji tsarin shari'arta, wanda ya riga ya yi suna a kasuwa na iya kai ƙarar wanda ya yi sojan gona da kamannin kayansa, ko babu rajista. A Amurka ma wanda ya riga amfani da suna yana da haƙƙi. A wasu ƙasashen kuma, irin su Sin, wanda ya riga shigar da takarda ne ke da rinjaye. Abin da za ki fara ganowa shi ne a wace ƙasa take sayarwa, domin alamar kasuwanci ba ta tsallake iyaka da kanta. Manya ma sun sha wannan. Da Burger King ya je Ostareliya ya tarar wani ɗan shagon abinci a Adelaide ya riga ya yi rajistar sunan, dole aka buɗe reshen farko a 1971 da sunan Hungry Jack's, kuma har yau da shi ake kira a can. Apple sai da ya biya kamfanin Proview dala miliyan 60 a 2012 kafin ya mallaki sunan iPad a Sin. Idan matar tana wata ƙasa da ba ku da niyyar shiga, barazanarta ta ragu. Idan ƙasarku ɗaya, to tunda kin riga kin ga shafinta, ci gaban da za ku yi zai yi kama da ganganci a idon duk wanda zai duba maganar daga baya. Kuma kar ki tura mata saƙo kina tambayar ko ta yi rajista. Ba abin da za ki ƙaru da shi, sai dai ki bar shaida a rubuce cewa kin sani.

Saboda haka shawarata ku canza suna, kuma wannan karon bincike ya riga zanen tambari. Ku kawo sunaye biyar ko shida, kar ku ƙwallafa rai a kan ko ɗaya, don wasu za su faɗi. Ki fara da abin da ke hannunki: Google, Instagram, Facebook, TikTok, da kasuwannin intanet, kina haɗa kowane suna da kalmomin mai, sabulu, fata. Waɗanda suka tsira sai ki kai su Global Brand Database, rumbun alamomin kasuwanci na intanet da WIPO, hukumar duniya mai kula da haƙƙin mallakar fasaha da ke Janiba, ta buɗe kyauta, da kuma TMview na ofishin Tarayyar Turai.

A nan ne mutane suka fi yaudarar kansu. Su rubuta sunan sak yadda suka tsara shi, su ga bai fito ba, su ce alhamdu lillahi, su rufe. Ke ki nemi sunan ta yadda mai kuskure zai rubuta shi. Inda akwai k ki gwada c da q. Inda akwai f ki gwada ph. Ki musanya i da y da ee, ki ninka baƙi ki kuma cire ninkin, ki haɗe kalmomin ki raba su, ki rubuta gaɓar farko kaɗai ki ga me zai biyo baya. Idan sunan na da ma'ana, ki nemi ma'anar a harsunan da masu sayenku ke ji. Duk wanda ya fito mai kama da naku, ki buɗe shi ki karanta a tsanake: wane ne mai shi, wace ƙasa, wane rukuni, waɗanne kaya aka lissafa, da matsayin takardar. Wanda aka rubuta yana jiran hukunci, ki ɗauke shi tamkar mai rajista, domin ranar shigar da takarda ake ƙirgawa. Wanda wa'adinsa ya ƙare kwanan nan ma kar ki yi saurin murna, ana ba mai shi ƙarin aƙalla wata 6 ya sabunta. Kar kuma ki tsaya a rukuni na 3 kaɗai. Ki leƙa na 5, inda mai da sabulun da ke da magani suke, da na 35 na harkar sayar da kaya, da na 44 na wuraren gyaran jiki. Rumbun WIPO yana karɓar hoto, don haka idan an yi sabon tambari ki ɗora shi ki ga masu kama da shi.

Wannan binciken naki na tankaɗe ne, ba shi ne na ƙarshe ba. Ba kowace ƙasa ce kundinta ke cikin waɗannan rumbunan ba, kuma takardar da aka shigar jiya ba lallai ta bayyana yau ba. Sunaye biyun da suka fi tsira, ki kai wa lauya ko wakilin da alamar kasuwanci ce aikinsa, ba kowane lauya ba, ya yi bincike a ofishin ƙasarku ya rubuta muku ra'ayinsa. (Idan ƙasarku na cikin 17 ɗin ƙungiyar OAPI mai kula da haƙƙin mallakar fasaha a Afirka, mai hedikwata a Yawunde, kundin ɗaya ne, rajista ɗaya ta game su duka.) Kuɗin binciken bai kai na sake buga kwali ba, kuma a yawancin ofisoshi idan aka ƙi karɓar suna ba a mayar da kuɗin shigarwa.

Idan suna ya tsira, ku shigar da takarda kafin ku sanar da shi ga duniya. Ofis zai duba, ya wallafa, ya ba da lokaci ga mai ƙorafi, kwana 30 a Amurka, wata 3 a Tarayyar Turai, kowace ƙasa da nata. Ba sai kun jira takardar shaida ta fito kafin ku fara ciniki ba, amma bugun farko ya zama kaɗan. Kuna iya sa ™ a gefen sunan, ® kuwa sai rajista ta tabbata, a Ingila ma laifi ne sa shi kafin nan. Idan kuna da niyyar sayarwa a wata ƙasa, yarjejeniyar Paris ta 1883 ta ba ku wata 6 ku shigar a can a ƙirga muku daga ranar da kuka shigar a gida.

Saura Yaya, wadda na san ita ce ainihin abin da ya hana ki barci. Kar ki je mata da cewa sunan bai yi ba, domin abin da za ta ji shi ne ita ce ba ta iya ba. Kuma kar ki tsaya a kan waccan matar, don kin riga kin ji amsarta. Ki je mata ta ɓangaren jarinta. Ki zaunar da ita ku biyu, ba a gaban kowa ba, ki buɗe rumbun a waya, ki miƙa mata ta rubuta kalmomin da hannunta ta ga yawan masu su. Sai ki ce, "Yaya, kuɗinki ne a ciki, ina tsoron mu yi shekara biyar muna gina sunan nan, wata ta zo ta ɗauka ba mu da bakin magana." Sannan ki nuna mata cewa kalmominta ba za su bar robar ba: sabon suna a sama da manyan haruffa, a ƙasansa a rubuta cewa man yana sa fata laushi, a matsayin bayani. Lauyan zai gaya muku yadda za a tsara layin don kar ya yi kama da sunan waccan. Daga cikin sunayen da suka tsira kuma, ki bar mata zaɓin ƙarshe. Idan duk da haka ta dage, ki roƙe ta abu ɗaya kawai, a jira ra'ayin lauya a rubuce kafin a buga. Sau da yawa maganar da babba ba zai karɓa daga ƙanwarsa ba yakan karɓe ta daga bare.

Tunda kuna zaman, ku gama da wata magana da ba ki tambaya ba. A fom ɗin rajista akwai gurbin sunan mai alama. Ku sa sunan kamfaninku idan an yi masa rajistar da zai iya mallakar dukiya, ko sunayenku ku biyu, kar a sa na mutum ɗaya don kawai ita ce ta je ofis ranar. Ku rubuta a takarda, ku sa hannu, wa zai riƙe sunan idan ɗaya ta bar harkar. Shi ma mai zana sabon tambarin ya ba ku takarda cewa ya sallama muku haƙƙin zanen, domin a ƙasashe da yawa biyan kuɗin aiki kaɗai ba ya mayar da zanen naku.